Tsaki Aka Ba Mu

Tun ranar da Malam Sama'ilu ya gaya wa Yagana cewa gwaggonsa za ta taso daga Kazaure ta zo Babura ganin gidansu, hankalinta ya tashi ya koma kan tukunya.

Ba wai girkin ne ba ta iya ba. Ina! Duk unguwar an san hannun Yagana 'yar Baba Kura. Matan maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai ko dutse ta jefa a ruwan zafi sai ya yi romo. Abin da za a dafa ɗin ne babu.

Su Barebari ne, iyayensu sun zo daga gabas tun kafin a ba ƙasa mulkin kai. A da Baba Kura fataucin shanu yake yi tsakanin Babura da Damagaram, gidansa ba a sauke tukunya. Farin da aka yi a 'yan shekarun baya ya kwashe shanun, ya bar shi da gyambon ciki da ido mai hazo. A shekarar ce kuma matarsa ta rasu. Daga nan muciya ta faɗo hannun Yagana, ita ke ci da mahaifinta da kakarta Ya Kaka, da ɗan abin da take samu na kitso da ɗinkin hula.

Talauci malami ne, ko da yake bulalarsa da zafi. Shi ya koya mata cewa ƙashi ɗaya yana miya biyu: yau a sha romonsa, gobe a fasa shi a sha ɓargonsa. Kan kifi ba ta yar da shi, sai ta gasa ta daka ta zuba a miyar kuka, ƙamshin ya tsallaka katanga. Da damina takan tsinko tafasa da yaɗiya da zogale ta shanya a inuwa, ta ɗure a tulu. Lawashin da masu albasa ke zubarwa a kasuwa ita takan kwaso ta yi gabu. Ƙanzo kuwa, in ta jiƙa shi ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, wanda ya ci da safe ba ya neman komai sai azahar.

Da wannan dabarar ta rufa wa gidan asiri, har mutane na zaton Baba Kura ya binne wani abu a ƙasa.

To amma shekarar ta zo da sabon salo. Gwamnati ta zuba wa ma'aikata kuɗin Udoji, kasuwa ta haukace. Wanda jiya tuwon dawa yake ci yana hamdala, yau in ba shinkafa aka sa masa a gaba ba sai ya ce an raina shi.

Shinkafa kuwa akwai ta a gidan, buhu guda cif. Nan matsalar take.

Alhaji Lauwali ne ya aiko da ita, ɗan kwangilar da ke kai wa makarantun kwana abinci. Ya daɗe yana son Yagana, ita kuma ko kallo bai ishe ta ba. Da ya ga maganar baki ba ta ci ba, sai ya aiko buhu ya yi masa magana. Ranar da aka sauke shi, Baba Kura ya kira 'yarsa.

"Yagana, ni ba zan zaɓa miki miji ba. Amma ki sani, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Duk ranar da aka farke bakin buhun nan, na ba Lauwali aurenki ke nan, don ba zan ci abin mutum in juya masa baya ba. Ranar da kika ce a mayar kuma, a mayar."

Ba ta ce a farke ba. Ba ta kuma ce a mayar ba. Aka jingina shi bayan gadon Ya Kaka, aka lulluɓe da tsohuwar tabarma.

Ana gobe baƙi za su zo, Ya Kaka ta same ta zaune a bakin rumbu ta yi tagumi.

"Ke ja'ira, tagumi zai dafa musu abinci? Ɗebi kaɗan a buhun nan mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Ya Kaka. In ciyar da dangin Malam da shinkafar Alhaji Lauwali? Gara in ba su ruwan randa."

"To me za ki ba su? Jar dawar taimakon nan da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci?"

Yagana ta ɗaga kai ta dubi ƙwaryar da ke rataye a ragaya. Geron da ke cikinta shi ne farin gero na ƙarshe a gidan. Da shi take dama wa mahaifinta kunu mai laushi, don cikinsa ba ya karɓar jar dawa.

"Burabusko zan yi musu."

Fuskar tsohuwar ta washe. A wurinta babu abincin da ya kai burabusko girma. Da shi aka tarbi dangin mijinta, da shi aka tarbi na 'ya'yanta.

"Yanzu kika yi magana! Amma kunun ubanki fa?"

"Garin da zai fita a tankaɗe zai kai shi kwana biyu. Kafin nan Allah zai kawo mai kitso."

Baba Kura na jin su daga ɗakinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "A yi wa baƙi da shi. Ba a fara neman aure a gidana da abin kunya ba."

Da asuba Yagana ta surfa geron, ta bakace, ta wanke shi har ya yi fari sol. Dusar ma ba ta tafi a banza ba, Bafulatana mai tallan nono ta karɓa ta ba ta ɗan curin man shanu. Ta durƙusa a dutsen niƙa ta ɓarza geron a hankali, kada ya yi laushi kada ya yi gundu-gundu. Ta tankaɗe, ta ware gari gefe, ta zuba tsakin a madambaci ta turara. Ta sauke ta yayyafa ruwa, ta murje da man shanu, ta mayar kan wuta. Haka ta yi ta yi har ya tashi warwar, ko ƙwaya ɗaya ba ta manne da 'yar'uwarta ba.

Ya Kaka ta buɗe kwallarta ta fito da bandar kifin da take ta ɓoyo tun bara. Aka haɗa da busasshiyar yakuwa da dakakkiyar gyaɗa da daddawa da gabu. Da miyar ta fara tafasa, har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko suna ake yi.

Yagana ta ɗanɗana a tafin hannu, hawaye ya cika mata ido. Irin miyar mahaifiyarta ce sak.

Kafin azahar baƙi suka iso a motar haya: Hajiya Dela da ƙanwarta.

Hajiya Dela ƙanwar mahaifin Sama'ilu ce, ita ta raine shi tun yana goye bayan rasuwar uwarsa. Bana ya biya mata Makka da kuɗin Udojinsa, ta dawo da haƙorin zinariya, kuma tun da ta dawo ba ta yin murmushi sai da gefen da haƙorin yake. Tana da wata 'yar ƙawarta a Roni da take so ta haɗa shi da ita. Da ƙyar da magiya ya samu ta ce, "To, in je in ga gidan Barebarin da idona."

Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa, Ya Kaka ta turare wurin da turaren wuta. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa. Yagana ta kawo akushi da kwanon miya, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, Gwaggo. Ga ɗan abinci."

Hajiya Dela ta ɗaga faifan da aka rufe akushin. Ta duba, ta sake dubawa.

"Ikon Allah. Tsaki?"

Ya Kaka ta kwashe da dariya. Ita a zatonta wasan Fulani da Barebari ne aka fara, don a wurinta duk mutumin Kazaure Bafulatani ne, abokin wasanta.

"Ku Fulani me kuka sani ban da fura da nono? Wannan burabusko ne, baiwar Allah. A Borno ba kowane baƙo ake yi wa shi ba. Ci ki ji, ki koma rugarku ki ba da labari!"

"A wurinmu dai kaji ake watsa wa," in ji Hajiya Dela, tana murmushi da gefen zinariya.

Ƙanwar tata ba ta tsaya jiran fatawa ba. Ta kai loma, ta lumshe ido, ta ƙara jawo kwanon miya gabanta.

"Yaya, wallahi ki ci. Yarinyar nan hannunta da albarka."

Hajiya ta ɗan taɓa da bakin yatsu. Ta ƙara taɓawa. Yagana da ke laɓe a ƙofar madafa ta ga lomar na ƙara girma, sai ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta ce a ranta, Allah na gode maka.

Da a nan ziyarar ta ƙare, da labari ya sha bamban.

Aka kira azahar. Ya Kaka ta ce baƙuwa ta shiga ɗakinta ta yi salla, ya fi sanyi. Hajiya Dela ta shiga tana neman abin da za ta shimfiɗa, ta hango tsohuwar tabarma a bayan gado, ta jawo ta.

Ta daɗe a ɗakin. Da ta fito, babu murmushi ko ta gefe ɗaya.

"Ashe da shinkafa a gidan."

Ya Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, Yagana ta dube ta da ido mai roƙo. In aka ce ta Alhaji Lauwali ce, an gama da ita: za a ce yarinyar tana karɓar toshi ta hannu biyu.

"Ajiya ce, Gwaggo," in ji Yagana.

"Na gane. Ajiyar manyan baƙi. Mu ƙanana ne, shi ya sa aka haɗa mu da kaji."

"Wallahi ba haka ba ne..."

"Buhu guda, ko farke shi ba a yi ba! Na taso tun daga Kazaure, mota ta jijjiga min ƙashi, don a nuna min ban kai gwangwani ɗaya na shinkafa ba. Ke, tashi mu tafi."

Ƙanwar ta tashi tana waiwayen akushi. Ya Kaka ta bi su da ƙullin turaren wuta da 'yar kwalbar humra, tana ba da haƙuri da Hausa tana haɗawa da Barbarci. Hajiya Dela ta dubi ƙullin, ta ja dogon tsaki, ta sa kai ta fice.

Yagana ta zauna a inda take, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Kwanaki suka shuɗe babu Sama'ilu babu labarinsa. Da can duk yammacin Alhamis sai an ji ƙarar babur ɗinsa daga Kanya Babba, inda yake koyarwa a firamare. Alhamis ta zo ta wuce shiru.

Garin kunun ya ƙare. Masu kitso ba su zo ba, kowa ya tafi gona, ga shuka ta yi nisa da girbi. Yagana ta koma kan jar dawa. Ta jiƙa ta ta kwana, ta surfa, ta tace, ta sa tsamiya, duk wata dabara da ta sani ta yi don ta yi laushi. Baba Kura ya kan kurɓa sau ɗaya ya ture.

"Na ƙoshi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ta san ba ƙoshi ba ne. Tana jin nishinsa in ya juya fuska bango yana riƙe da ciki.

Ranar wata Asabar bayan la'asar, dawowarta ke nan daga ɗiban ruwa, ko tsakar gida ba ta kai ba, ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ta sauke tulu, ta gyara mayafi ta koma zaure.

Sama'ilu na tsaye ya jingina da bango. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ko zama bai yi ba.

"Ina wuni, Malam."

"Yagana, me Gwaggo ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba."

"To me ya sa kika wulaƙanta ta? Matar nan ita ce uwata ita ce ubana. Kin san irin roƙon da na yi kafin ta yarda ta tako gidan nan? Yanzu duk wanda ya shigo gidanmu sai ta ba shi labari: tsaki aka ba mu, tsaki muka yi muka taho. Har 'yan Roni sun ji, suna ta dariya."

"Malam, abin da na ba ta shi ne mafi girman abin da muke da shi."

"Da buhun shinkafa a ɗaki?"

Hawaye suka bi kumatunta.

"Ta ce in na ƙara ambatar sunanki ba ta yafe min goyon da ta yi min ba. Na yi kwanaki ina neman abin da zan kare ki da shi, ban samu ba. Ki ba ni abin faɗa, Yagana. Don Allah ki ba ni."

"Shinkafar ba tamu ba ce."

"Ta wane ne?"

"Ta Alhaji Lauwali ce. Shi ya aiko da ita."

Sama'ilu ya ɗago daga jikin bango a hankali.

"Lauwali ɗan kwangila? Wato har ta kai ga haka ban sani ba?"

"Ba ta kai ko'ina ba. Baba ya ce ranar da aka farke buhun an ba Lauwali ni. Shi ya sa ban farke ba. Da na dafa wa Gwaggo shinkafar nan, da ta ci ta yaba, ta koma ta ce ta yarda, alhali ni na riga na zama ta wani. Geron da na yi mata burabusko da shi, na kunun Baba ne. Shi ne na ƙarshe. Tun daga ranar bai ci abin kirki ba."

Ya zame ya zauna a kan dakalin zaure, ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Inna lillahi. Kuma kika tsaya ta zage ki ba ki faɗa ba?"

"In na faɗa me za ta ce? Ta ce ga shi nan, yarinyar tana yi wa ɗanta dariya tana karɓar kayan wani. Gaba kura ce, baya siyaki. Na zaɓi ta ce min marowaciya."

Ya share ido ya dube ta.

"Zan tambaye ki abu ɗaya, ki gaya min gaskiya. Tun da ba kya son sa, me ya hana ki mayar masa da buhunsa tun ranar da ya zo?"

Wannan tambayar ce take gudu, don ita ma ta sha yi wa kanta. Ta sunkuyar da kai.

"Tsoro."

"Tsoron Lauwali?"

"Tsoron damina. Malam, kai albashi kake jira, ni rumbu nake leƙawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan sa a mayar. In gari ya waye na kalli Baba, na kalli abin da ya rage, sai bakina ya yi nauyi. Ban taɓa shi ba, wallahi ko da yatsa. Amma na kasa cewa a fitar da shi. Ka ga laifina ke nan, ba sai wani ya gaya maka ba."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min halin da kuke ciki ba? Kullum na zo sai ki fito min da dambu ko kwaɗo mai daɗi, ina ci ina santi, ina cewa gidan nan akwai wadata."

"Ai don kada ka gane nake yi. Mace ba ta tallan yunwar gidansu ga wanda take so."

Sama'ilu ya miƙe tsaye. Muryarsa ta sauya.

"To ki saurare ni. Yau ɗin nan, yanzu, zan ɗaura buhun nan a bayan babur ɗina in kai wa Lauwali har ƙofar gidansa, bakinsa a ɗinke yadda ya aiko shi, kowa ya gani. Daga can in wuce Kazaure in durƙusa gaban Gwaggo. In gaya mata yarinyar da ta kira marowaciya ta hana mahaifinta kunu don ta girmama ta. Gwaggo tana da faɗa, amma ita ma ta san yunwa, da ƙanzo ta raine ni. In ta ji an mayar da buhun ba a taɓa ba, za ta sauko. Abincin Baba kuma daga gobe a wuyana yake."

"Baba ba zai karɓa ba, ba a ɗaura komai ba."

"Zai karɓa a hannun ɗansa. Ke dai ki ce a mayar."

Yagana ta dube shi ta cikin hawaye. Rabon da ta ji zuciyarta ta yi sauƙi haka tun mahaifiyarta na da rai.

"A mayar," in ji ta. "Na ce a mayar."

"Shiga ki gaya wa Baba. Bari in kwance igiya."

Ta juya da sauri, har mayafinta na zamewa. Ta wuce soro na biyu tana share fuska, tana shirya yadda za ta faɗa wa mahaifinta.

A bakin tsakar gida ƙamshi ya tare ta.

Ta tsaya cak. Ba ƙamshin dawa ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a madafa ya san wannan ƙamshin.

Ya Kaka na durƙushe a gaban murhu, 'yar ƙaramar tukunya a gefenta, wuƙa a ƙasa kusa da ƙafarta. Da ta ga Yagana ba ta kau da kai ba. Idanunta sun kumbura.

"Ya Kaka... me kika yi?"

"Tun kina wajen ɗiban ruwa ya yi aman jini," in ji tsohuwar a hankali. "Ya hana ni gaya miki. Na ɗora tun kafin yaron nan ya zo. Ɗana ne, Yagana. Ni na haife shi. Ke kina da wanda za ki jira, ni wa zan jira? Ɗan kaɗan na ɗiba, na dafa masa ruwa-ruwa."

"Kin farke..."

"Na farke. Ki tsine min in kina so."

Yagana ta dafa bango.

A ƙarƙashin rumfa Baba Kura na zaune an tokare shi da matashi, ƙaramin kwano a cinyarsa. Yana kai cokali baki, yana haɗiya a hankali. Rabonsa da cin abinci haka tun ranar da baƙi suka zo. Ya ji motsinta, ya juyo da idanunsa masu hazo yana murmushi.

"Yagana ce? Zo, 'yata. Kakarki ta ce yaron nan Sama'ilu ne ya kawo mana 'yar shinkafa. Kin ga ta zauna min a ciki, ko zafi ban ji ba. Yana waje ne? Ki ce masa na gode. Ki ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi abin da yake nema."

Ta dubi Ya Kaka. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana tura itace a wutar da ba ta bukatar itace.

"Ba ki amsa ba," in ji Baba Kura.

"Amin, Baba," in ji Yagana. "Ci abincinka."

Daga zaure muryar Sama'ilu ta taso, cike da murna.

"Yagana! A yi min iso in shigo in ɗauka mana, kada rana ta faɗi ban kai masa kayansa ba!"